Dokar Wagner: kariyar da ta ba ma'aikacin kanti da na ofis a Amurka

Masu sayar da kaya a kantunan Amurka suna da ƙungiyar ƙwadago tun 1890, kuma babban kukansu a wancan zamani shi ne a riƙa rufe kanti da wuri, domin a tsaye suke wuni har dare ya yi. Sai dai ƙungiya ce da ba doka a bayanta. Mai kanti na iya sallamar mutum don kawai an gan shi a wurin taro, ba mai ce masa don me.

Ranar 5 ga Yulin 1935 shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar hulɗar ƙwadago ta ƙasa, wadda aka fi sani da sunan Sanata Robert Wagner na New York da ya kawo ƙudurinta. Sashe na 7 shi ne ƙashin bayanta. Ya ce ma'aikata na da 'yancin kafa ƙungiya, da zaɓen wakilan da za su yi ciniki da kamfani a madadinsu, da haɗa kai don kare juna. Wannan na ƙarshe mutane da yawa ba su san faɗinsa ba: ko babu ƙungiya sam, akawu biyu da suka zauna suna kwatanta albashinsu, doka na tare da su. Sashe na 8 kuma ya hana kamfani korar mutum ko yi masa barazana saboda ƙungiya.

Hanyar ba wuya a takarda. Idan kashi 30 cikin ɗari na ma'aikatan wuri suka sa hannu, hukumar NLRB, wadda ke kula da aiwatar da dokar, za ta shirya zaɓen sirri. In masu so suka yi rinjaye, dole kamfani ya zauna da su.

A Fabrairun 1937, 'yan mata 108 da ke aiki a kantin Woolworth na birnin Detroit suka daina sayar da kaya ranar Asabar, lokacin da ciniki ya fi kankama, suka kuma ƙi fita. Aka shigo musu da katifu, suna kwana a tsakanin kantocin kaya har mako guda. Sun fito da ƙarin albashi, kamfani kuma ya amince da ƙungiyarsu. Bayan shekara biyu Kotun Ƙoli ta ce doka ba ta kare irin wannan yajin aiki na zaman dirshan ba.

Tun farko dokar ta bar ma'aikatan gona da 'yan aikin gida a waje. A 1947 dokar Taft-Hartley ta cire shugabannin ma'aikata, wato masu ikon ɗauka ko kora ko ladabtarwa, abin da ke jawo jayayya sosai a ofis da kanti kan wane ne shugaba da gaske, wane ne aka laƙaba wa suna kawai.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne hukunci. Kamfanin da ya kori mutum ba bisa ƙa'ida ba, ba a cin sa tara. Galibi sai dai a ce ya mayar da shi aiki ya biya shi albashin da ya rasa, a kuma cire abin da ya samu a wani wurin. Kafin a gama shari'a, sauran abokan aikinsa sun riga sun sha jinin jikinsu. A shari'ar Lechmere ta 1992, Kotun Ƙoli ta yarda mai kanti ya hana jami'an ƙungiya da ba ma'aikatansa ba raba takardu a filin ajiye motocinsa. A 2000, mahautan wani reshen Walmart, kamfanin manyan kantuna, a Jacksonville ta jihar Texas suka zaɓi ƙungiya. Ba a jima ba kamfanin ya sanar da daina yankan nama a rassa 180, ya koma sayar da wanda aka riga aka ƙunshe.

Dokar ta tilasta a zauna a yi ciniki da gaskiya, amma ba ta tilasta a cimma yarjejeniya ba. Ma'aikatan Starbucks, kamfanin shagunan shan kofi, a birnin Buffalo sun ci zaɓensu a Disambar 2021, amma shekara uku bayan nan ba a sa hannu a yarjejeniyar farko ba.