Tambayoyi Da Amsoshi Kan Haɗa Fuskar Manhaja Da Sabar Bayanai Ta Waje

Me ake nufi da wannan haɗin?

Fuskar manhaja ita ce ɓangaren da ke gudana cikin burauzar mai amfani, wato rubutu da hotuna da maɓallan da yake dannawa. Idan tana son nuna yanayin sama na yau ko taswirar wani gari, sai ta aika buƙata zuwa wata sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan, ta ƙofar da ake kira API, sabar kuma ta mayar da amsa, galibi a tsarin rubuta bayanai da ake kira JSON.

Da me ake aika buƙatar?

A da, XMLHttpRequest ake amfani da shi, wanda Microsoft ta fara sanyawa a Internet Explorer 5 a 1999. Daga 2015 burauzoji irin su Chrome da Firefox suka zo da fetch, wanda ya fi sauƙin rubutawa da karantawa. Wajen tsara API ɗinsu, yawancin sabis suna bin salon REST, wanda Roy Fielding ya bayyana a 2000. Wasu kuma GraphQL suke bi, wanda Facebook ta saki a 2015, inda kake zaɓar ainihin bayanan da kake so kawai.

Adireshin API ɗin yana aiki idan na buɗe shi kai tsaye, amma daga shafina sai burauza ta ce CORS. Ina matsalar?

Nan ne masu koyo da yawa suke kwana. Burauza tana da doka tun zamanin Netscape: kod ɗin wani shafi ba ya karanta amsar da ta fito daga wani gida daban, wato wani adireshin, sai da izini. CORS shi ne tsarin ba da wannan izini. Izinin kuwa sabar ce ke bayarwa, ta hanyar saka Access-Control-Allow-Origin a kan amsarta. Wani lokaci ma burauza takan fara aika buƙatar OPTIONS don neman izinin kafin ta aika ta gaske. Saboda haka duk gyaran da za ka yi a fuskar manhaja ba zai warware ta ba. Ko dai masu sabar su amince da adireshinka, ko ka bi ta sabarka. Ƙarin manhajar da wasu ke sanya wa burauzarsu don kashe dokar a kwamfutarsu kaɗai yake aiki. Mai ziyartar shafin yana nan da matsalarsa.

Zan iya saka mabuɗin API a cikin kod ɗin shafin?

Mabuɗin API shi ne lambar da sabis ke gane ka da ita. Idan na sirri ne, kada ka kuskura. Wannan ce tambayar da ta fi damuna, domin kuskuren ba ya nuna kansa sai ɓarna ta auku. Duk abin da ya isa burauza ya isa hannun mai ita. Kowa zai iya buɗe kayan binciken burauza ya ga kowace buƙata da abin da ke cikinta. Cakuɗa kod ɗin ba ya ɓoye mabuɗi, haka ma ajiye shi a fayil ɗin saituna na .env, muddin za a haɗa shi cikin abin da ake tura wa burauza. Ba wa kura ajiyar nama ke nan.

Hanyar ita ce ka gina ƙaramar sabar tsakani. Shafinka ya tambaye ta, ita ta ɗora mabuɗin ta tambayi sabis ɗin, sannan ta dawo maka da amsa. Akwai mabuɗan da aka yi don a gani, kamar na taswirar Google Maps a burauza, amma su ma a taƙaita su ga adireshin shafinka.

Idan sabis ɗin ya ƙi amsawa fa?

Zai faru, don haka ka shirya masa tun farko. Ka lura, fetch ba ya ɗaukar lambar amsa 404 (ba a samu ba) ko 500 (matsala a sabar) a matsayin kuskure. Sai ka duba response.ok da kanka. Lambar 401 na nufin ba a tantance ka ba, 429 kuma ka yawaita buƙatu, ka dakata kafin ka sake. Ka nuna wa mai amfani alamar jira, ka faɗa masa a fili idan abu ya gaza, kuma ka yanke buƙatar da ta daɗe da AbortController.

Bayanan da ke canzawa kowace daƙiƙa kuma?

WebSocket ya fi dacewa da su, kamar saƙonnin hira, domin yana barin layin a buɗe sabar ta riƙa turowa da kanta.