Tarkon kaguwa: me ya sa wani ke cika, wani na dawowa fayau?

Wane irin tarko ake magana a kai?

A mashigin ruwan Chesapeake na Amurka, tsakanin jihohin Maryland da Virginia, masunta na kama shuɗiyar kaguwa da kejin waya mai kusurwa huɗu, kusan ƙafa 2 kowane gefe. Benjamin Lewis ne ya yi rajistar ƙirarsa a 1928, ya kuma gyara ta a 1938. Ana sa kifi mai maiƙo a tsakiya, a nutsar da kejin, a bar alama tana yawo a saman ruwa.

Tunda ta shiga da ƙafarta, me zai hana ta fita?

Ƙofar ce. Bakinta na da faɗi daga waje, sai ta tsuke a ciki kamar mazurari. In ta yi faɗi da yawa, kaguwa ta ci ta koma. In ta matse, manyan da ake nema ba za su shiga ba. Sannan kejin hawa biyu ne. Kaguwar da ta ji an tsare ta sama take nufa, sai ta faɗa ɗakin sama ta maƙale. Nan hikimar take, domin ta bar wa na baya hanya da abinci. Kaguwa mafaɗaciya ce, har 'yar uwarta takan ci, kuma babba ɗaya a bakin ƙofa na iya korar sauran.

Me ya sa ake huda tarko da gangan?

Ana saka zobba masu faɗin inci 2 da ɗoriya don ƙanana su fice. Doka ta hana ɗaukar namijin kaguwar da bai kai inci 5 ba, to riƙe shi ba riba, sai cunkoso da ɓata lokacin tsincewa. A ganina wannan zoben ya fi komai daraja a jikin tarkon, tunda ƙaramar bana ita ce kamun baɗi.

Tarkon da ya ɓace fa?

Bai daina aiki ba. Wadda ta mutu a ciki ita ke janyo wata, har kunkurun ruwa na halaka. Daga 2008 zuwa 2014 an tsamo irin waɗannan fiye da 34,000 a ruwan Virginia. Shi ya sa masana ke son a riƙa sa wani ɓangare mai ruɓewa a jikin kejin, wanda zai buɗe da kansa in tarkon ya daɗe a ƙasa.