Mene ne ra'ayin mai kaya, kuma yaya ake auna shi kafin sayen bafle mai tsada?

Wanda ke zaune a Yamai ya ƙudura sayen manyan lasifikokin gida, irin su KEF, Focal, Klipsch ko Bowers & Wilkins, ba kasafai yake samun inda zai zauna ya saurari biyu ko uku a jere ba. Ko dai ya yi oda daga waje, ko ya sayi na hannu. Shi ya sa ake jingina da ra'ayin mai kaya, wato bayanin mutumin da ya sayi bafle (wato lasifika) da kuɗinsa, ya kafa shi a ɗakinsa, ya zauna da shi. Ya bambanta da tallan kamfani, ya bambanta da rubutun ɗan jaridar da aka ara wa kaya na ƴan makonni, kuma ba shi ne awon na'ura ba.

Abin da za a fara riƙewa shi ne, mai kaya bai taɓa jin baflensa shi kaɗai ba. Yana jin sa ne haɗe da ɗaki da ampili, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya kai ga bafle, kuma ɗakin ya fi komai tasiri. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Idan tsawon falo mita 4 ne, a raba 343 da 8 (tsawon falon sau biyu), za a samu kusan 43 Hz, wato girgiza 43 a daƙiƙa. Wannan muryar ta bas, wato mai kauri, za ta kumbura a jikin bango da kusurwoyi, ta kusan ɓacewa a tsakiyar ɗakin. Saboda haka mutum biyu masu bafle iri ɗaya, wannan ya ce bas ya yi masa yawa, wancan ya ce babu bas sam, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Kujerunsu ne ba wuri ɗaya ba.

Yawancin masu rubuta irin wannan ra'ayi suna Turai ko Amurka, a ɗakunan katako da kafet da labule masu kauri, waɗanda ke shanye siririyar murya. Falonmu kuwa karo ne a ƙasa, siminti a bango, gilashi da ƙarfe a taga, duk masu mayar da sauti. Baflen da Bafaranshe ya yaba da cewa yana fito da kowane ɗan ƙaramin kiɗa tsaf, a falon karo zai iya zama mai tsini, kunne ya gaji da shi cikin rabin awa. Haka kuma idan ramin fitar iskar akwatin a baya yake, yana buƙatar tazara daga bango. Wanda zai manna shi da bango a gefen talabijin ba zai ji abin da mai yabon ya ji ba.

Sai ampili. A takardar kowane bafle akwai lamba ta dB (ma'aunin ƙarar sauti) mai nuna ƙarar da yake bayarwa a tazarar mita 1 da wuta kaɗan. Duk ragin 3 dB na nufin ninka wat sau biyu kafin a kai ƙara ɗaya. KEF LS50 yana 85 dB, don haka yana cin wat ninki huɗu na wanda ke 91 dB. Akwai kuma manyan baflen da aka rubuta musu om 8 (om shi ne ma'aunin yadda bafle ke turje wa wuta), amma a wasu muryoyin suna sauka zuwa wajen om 3, su ja wuta fiye da ƙarfin ƙaramin ampili. Idan ampili ya gaza sai ya fara yanke kan sauti, kuma wannan yankakken sautin ne ke ƙona tuwita, ƙaramin bakin nan na sama. Duk ra'ayin da bai faɗi ampilin da aka haɗa ba, rabin bayani ne.

Zuciya ma tana da nata. A 1994, Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman sun gwada masu sauraro sau biyu, sau ɗaya suna ganin lasifikokin, sau ɗaya an rufe su da labule. Da ana gani, manya masu tsada da ƙyalli sun samu maki mai yawa; da aka rufe, tazarar ta ragu ƙwarai. Mutumin da ya zuba miliyoyin sefa kuwa ya fi kowa bukatar kayan su yi masa daɗi. Shi ya sa ra'ayin makon farko ba shi da nauyi. Zancen cewa sai bafle ya yi awa ɗaruruwa yana aiki kafin muryarsa ta buɗe ma a yi hattara da shi: sassan da ke motsi suna ɗan saki a farkon amfani, sauran canjin kunne ne ke sabawa.

To ina amfanin ra'ayin mai kaya? A wajen ƙarko, nan babu wanda ya kai shi, don mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Shi zai faɗa maka ko zoben da ke riƙe bakin wufa, wato babban bakin da ke fitar da bas, na soso ne, wanda ke rugurguzewa da shekaru kuma zafi ke hanzarta shi, ko na roba ne mai daɗewa. Shi zai ce tuwita ta dusashe saboda ruwan sanyaya ta ya bushe, ko fatar katakon akwati ta tsage, ko ya nemi kayan canji ya rasa. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da bushewar iska, irin wannan labarin ya fi yabon murya daraja nesa. Ka nemi wanda ya riƙe kayan shekara biyu zuwa sama, da wanda ya sayar da nasa ya faɗi dalili. Ƙorafi ɗaya da mutane da yawa suka maimaita daga ɗakuna daban-daban, laifin baflen ne. Wanda mutum ɗaya kaɗai ya yi, mai yiwuwa ɗakinsa ne ko ampilinsa.

Bafle mai ampili a cikinsa yana da ƙarin lura. Na kasuwar Amurka sau da yawa na 120 V ne, wutarmu kuwa 220 V ce, kuma mai kaya na can ba zai ambaci haka ba don bai dame shi ba. Ka duba rubutun bayan akwatin, ka kuma tanadi na'urar daidaita wuta.

Idan ka dace da mai irinsa a nan Yamai ko Tawa, ka roƙi izinin zuwa ka saurara, ka tafi da kiɗa uku ko huɗu da ka sani sosai, har da murya zalla kamar karatu, don kunne ya fi saurin kama kuskure a muryar mutum. In za ku kwatanta biyu, ku daidaita ƙararsu da ma'aunin sauti na waya tukuna, domin wanda ya ɗara da 1 dB kawai zai yi kamar ya fi kyau. Na hannu kuwa, a kashe shi, a danna bakin wufa a hankali da yatsu a kewayen tsakiyarsa. In an ji gogayya, naɗin wayar cikin ya lalace, sai a sa kuɗin gyara a cikin ciniki.