Rajistar 'Yan Gudun Hijirar Siriya a Turkiyya

Kariya ta wucin gadi ita ce matsayin da dokar Turkiyya ta bai wa 'yan Siriya da yaƙin da ya ɓarke a 2011 ya koro. Ayarin farko ya tsallako zuwa lardin Hatay a watan Afrilun shekarar. Zuwa 2021 masu rajista sun kai kusan miliyan 3.7, a lokacin kuwa babu ƙasar da ta kai Turkiyya yawan 'yan gudun hijira a duniya.

Turkiyya ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, amma da sharaɗin cewa cikakken matsayin ɗan gudun hijira sai ga wanda rikici a Turai ya koro. Shi ya sa da farko baƙi ake kiran 'yan Siriya. Sai a 2013 majalisa ta zartar da dokar baƙi da kariya mai lamba 6458, a Oktoban 2014 kuma aka fitar da ƙa'idojin kariya ta wucin gadi. Su ne suka hana mayar da mutum inda rayuwarsa ke cikin haɗari. Hukumar kula da shige da fice ta Turkiyya ce ke yin rajistar, Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana tallafawa.

A ofishin lardi ake ɗaukar hoton mutum da zanen yatsunsa, a rubuta adireshinsa da sunayen iyalinsa, a ba shi katin shaida da kowa ke kira kimlik, mai lamba da ta fara da 99. Da shi ake ganin likita a asibitin gwamnati, da shi ake sa yaro a makaranta. Shi ne kuma hanyar samun tallafin kuɗi na wata-wata da Tarayyar Turai ke biya ta katin ƙungiyar agaji ta Kızılay, wanda aka fara biya daga cikin Yuro biliyan 6 da ta yi alkawari a yarjejeniyarta da Turkiyya ta Maris 2016.

Sai dai katin a ɗaure yake da lardin da aka yi shi, kuma nan ne gizo ke saƙa. Wanda ya yi rajista a lardin Şanlıurfa ko Kilis da ke kan iyakar Siriya ba zai je Santambul ba sai da takardar izinin tafiya, alhali aikin masaƙa da ɗinki a can yake. Magidanci sai ya zaɓi ɗaya: ya zauna inda katinsa ke aiki babu abin yi, ko ya bi abinci ya rasa asibiti da makarantar 'ya'yansa. A 2019 gwamnan Santambul ya ba waɗanda rajistarsu ke wasu larduna wa'adin barin birnin. A 2022 aka rufe unguwanni fiye da 1,000 ga sabuwar rajista, bisa dalilin cewa baƙi sun yi yawa a cikinsu. Izinin aiki da aka fara bayarwa a Janairun 2016 bai warware matsalar ba, domin mai gidan aiki ne ke nemansa, kuma an ƙayyade ma'aikatan Siriya zuwa kashi 10 cikin 100 na 'yan ƙasa a wurin aiki. Akasari sun ci gaba da aiki ba takarda, kan albashin da bai taka kara ya karya ba. Wannan babban giɓi ne a tsarin da ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa.

Ƙungiyoyin Amnesty International da Human Rights Watch sun ce an tilasta wa wasu sa hannu a takardar komawa gida da sunan ganin dama. Gwamnatin Turkiyya ta musanta.

Bayan girgizar ƙasa ta 6 ga Fabrairu 2023 an sassauta dokar tafiya ga mutanen lardunan da abin ya shafa. Tun faɗuwar gwamnatin Bashar al-Assad ranar 8 ga Disamba 2024, dubban ɗaruruwa sun koma Siriya, kuma wanda ya koma bisa raɗin kansa matsayinsa na kariya ya ƙare.