Batirin zuciya ga tsofaffinmu: tambayoyin da ake yi a gidajen Hausawan Makka da Jidda

Idan likita ya ce za a sa wa Baba ko Hajiya batirin zuciya, gida yakan rikice. Ga abin da aka fi tambaya.

Me ya sa zuciya take neman batiri?

Zuciya tana da wutarta ta kanta, wadda ke sa ta buga sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa. Da shekaru suka ja, hanyoyin wutar nan sukan gaji, bugun ya sauka ƙasa da 40, ko ya tsaya na ɗan lokaci. Sai jiri, kasala, haki, wani ma ya yanke jiki ya faɗi a sahun salla. Mu kuwa sai mu ce tsufa ne, ko zafin Makka. Batirin zuciya 'yar na'ura ce da ke sauraren zuciya, duk sanda ta yi jinkiri sai ta zungure ta da 'yar wutar da mutum ba ya ji.

Tsufa bai hana a yi masa tiyata ba?

Ba a buɗe ƙirji. Ana kashe fatar ƙasan ƙashin wuya da allura, galibi a hagu, a zura siririyar waya ta jijiya zuwa zuciya, a cusa na'urar ƙarƙashin fata. Ba ta kai akwatin ashana girma ba. Awa ɗaya zuwa biyu an gama, da yawa washegari suke komawa gida. Yawancin masu ɗauke da ita dama tsofaffi ne. Mutumin farko da aka sa wa, Arne Larsson, a ƙasar Suwidin aka yi masa a 1958, ya rayu har 2001, yana da shekara 86. A ganina faɗuwar da ke karya wa tsoho ƙugu ta fi wannan aiki ban tsoro.

Duk iri ɗaya ne?

A'a, kuma nan ya kamata iyali su nutsu. Akwai wata mai suna ICD, da aka fara sa wa mutum a Amurka a 1980. Ita idan zuciya ta haukace da gudu mai kisa, sai ta maka mata wuta mai ƙarfi, kamar an doki mutum a ƙirji. Tana ceton rai. Amma ga dattijon da ciwon ƙoda ko mantuwa suka riga suka cinye, jan wutar nan kan zama azaba a kwanakinsa na ƙarshe. Likita zai iya kashe ɓangaren dukan ba tare da yanka ba, na daidaita bugun ya ci gaba da aiki. A yi wannan magana da shi mai jikin tun yana da bakin faɗin abin da yake so. 'Ya'ya kan yanke hukunci a barandar asibiti su manta da shi.

Salla da ɗawafi fa?

Sati huɗu zuwa shida na farko, kada a ɗaga hannun wannan ɓangaren sama da kafaɗa, kada a ɗauki kaya mai nauyi, don wayar ta kama. Bayan nan ruku'u, sujada, ɗawafi da sa'ayi duk babu laifi. Turmutsutsun jifa dai gara a wakilta wani idan aikin sabo ne.

Waya da filin jirgi?

Kada a ajiye wayar salula a aljihun jallabiya na saitin na'urar, a bar tazarar santimita 15. A filin jirgin Jidda a nuna katin na'urar, a wuce ƙofar bincike ba tare da tsayawa a cikinta ba. Kafin hoton MRI kuwa dole a sanar, domin ba kowace na'ura ce ke jure shi ba.

Batirin zai mutu ba labari?

Yakan yi shekara bakwai zuwa goma ko fiye, kuma a dubawar da ake yi sau ɗaya ko biyu a shekara ake ganin ya kusa ƙarewa tun da sauran watanni. Akwatin ake canzawa, wayoyin su zauna. Idan wurin ya yi ja, ya kumbura ko yana ruwa, ko zazzaɓi ya zo, a tafi asibiti a ranar. Wanda ya suma, a kira motar asibiti ta 997.

In rai ya yi halinsa, sai an cire?

Inda ake ƙona gawa ne cirewa ta zama dole, saboda batirin yana fashewa a wuta. Mu da muke binnewa, ana wanka da sutura da ita a jiki.