Na'urar MRI Ba Ta Ƙona Jiki Kamar Yadda Ake Zato

A birnin Kano mutane da yawa sun daɗe da yarda cewa duk hoton asibiti haske ne mai ƙona jiki, don haka idan likita ya rubuta wa majinyaci hoton MRI, sai 'yan uwa su fara ja da baya. Wannan zato kuskure ne. Eksire da CT (wani nau'in hoton cikin jiki) ne ke amfani da haske mai ratsa jiki, amma MRI babban maganaɗisu take amfani da shi, mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), tare da igiyar rediyo da ke motsa sinadarin haidurojin na ruwan jikin mutum.

Wannan ne ya sa masana suke amfani da ita wajen bibiyar ƙwayoyin garkuwar jiki da ake sa wa masu ciwon daji a matsayin magani. Kafin allurar, ana ɗora wa ƙwayoyin ɓurɓushin ƙarfe ƙanana ƙwarai, sai su bayyana baƙi a hoton duk inda suka taru, kuma ana iya maimaita hoton sau da dama. A 2005 an gwada hakan kan majinyata a ƙasar Holan.

Abin tsoron gaske a wajen hoton MRI shi ne ƙarfe, saboda ƙarfin maganaɗisun: mukulli, tsinken ɗankwali, ko wasu na'urorin da aka dasa a zuciya.