Maɗaba'a da muhalli a Sakkwato: tambayoyi da amsoshi

Tambaya: Mene ne haɗin buga takardu da lalacewar muhalli?

Amsa: Shiga ƙaramar maɗaba'a a Sakkwato da rana tsaka, hancinka zai ba ka amsa. Warin fetur da kananzir ne, waɗanda da yawa ke wanke tawadar inji da su, ga hayaƙin janareta a bakin ƙofa. Yaron da ke goge inji da tsumma, hannu ba safa, shi abin ke fara ci. Ruwan wankin kuma idan aka kwarara a kwata, damina na iya jan sa har Gulbin Rima, inda ake ban ruwan albasa da shinkafa. A tara shi a jarka mai murfi, a buɗe tagogi, a saya wa yaro safar hannu.

Tambaya: Takarda fa, ba ita ce ke cinye itatuwa ba?

Amsa: Ita ce. Masana'antun takarda na Jebba, Oku Iboku da Iwopin ba su iya riƙe ƙasar nan ba, saboda haka yawancin wadda muke bugawa daga waje take zuwa. A duba kwalinta: tambarin FSC, ƙungiyar da aka kafa a 1993, na nuna daga dajin da ake kula da shi aka samo itacen. Amma a ganina babbar ɓarnarmu ita ce buga abin da ya wuce buƙata. Mai biki ya ce a buga masa kati fal, rabi ya kwana a kwali. Suna ɗaya ya fito ba daidai ba, a sake aiki tun daga farko, alhali da an karanta a kwamfuta kafin a yi faranti, wato shafin ƙarfen da inji ke buga rubutu da shi, da an huta. Abin da ya fi damuna shi ne ganin kalanda ko katin ɗaurin aure mai Bismillah yana yawo a bola.

Tambaya: Banar da ake ratayawa lokacin zaɓe da walima fa?

Amsa: Nan ne matsalar ta fi nauyi. Ba takarda ba ce, roba ce mai suna PVC. Ba ta ruɓewa, kuma in aka ƙone ta hayaƙinta guba ne. Madalla da masu rufa rumfa da tsohuwar bana, sun ƙara mata kwana, sai dai ban so a shanya tumatir ko barkono a kan fuskar da ke da tawada ba. Sanarwar kwana uku, yadi ya ishe ta. Ta shekara-shekara kuma a bar gurbin kwanan wata, a sake ratayawa baɗi.

Tambaya: Akwai tawadar da ta fi sauƙin illa?

Amsa: Akwai ta man waken suya, wadda jaridun Amurka suka fara bugu da ita a 1987. Tururinta bai kai na tawadar man fetur ba, kuma ta fi sauƙin fita idan za a sake sarrafa takarda.

Tambaya: Mai ƙaramin jari zai iya duk wannan?

Amsa: Wasu ma kuɗi za su kawo masa. Farantin inji alminiyum ne, 'yan gwangwan na saye. Guntayen takarda ana yin kiret ɗin ƙwai da su. Rana kuwa Allah ya hore wa Sakkwato: sola na ɗaukar kwamfuta, fitilu da fanka, a bar wa janareta babban inji kaɗai.